Ki Natsu, 'Yata, Amma Kada Ki Yi Shiru

Sannu da jiki, sannu da ɗawainiya. Allah Ya raba lafiya, Ya sauke ki cikin sauƙi. Ki gaishe min da babanki, da maigidanki in ya zo.

Mahaifiyarki ta kira ni hankalinta a tashe. Ta ce tun da kika dawo gida goyon ciki, likita kuma ya ce jininki ya fara hawa a wata na bakwan nan, barci ya ƙaurace miki, abinci sai an yi da gaske kike ci, na'urar awon jini kuma ba ta rabuwa da damtsenki. Ko ƙarfe biyun dare ta leƙa ɗakinki, hasken waya take gani a fuskarki. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce ranar awonki ta zo ta wuce, kin ce kanki na ciwo ba za ki iya fita ba. Haba 'yar nan. Ga mai irin cikinki, ai ciwon kai shi ne babban dalilin tafiya asibiti.

Da ƙafata za ta bar ni, da na taso daga Zariya na zo da kaina. Tunda ba hali, ga takarda, ki karanta a tsanake. Ni gwaggonki ce, kuma a ɗakin haihuwa na ƙare ƙuruciyata har na yi ritaya, don haka ina da bakin yi miki faɗa ta fuska biyu. Faɗan ba mai yawa ba ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban ga laifinki ba don kin ji tsoro. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Cikin fari ya zo miki da jijjiga, kika farfaɗo a gadon asibiti aka ce miki sai haƙuri. Macen da ta ga wannan, in aka sake ce mata jininta ya hau, dole gabanta ya faɗi. Masu zuwa dubiya suna ta ce miki ki cire damuwa a ranki. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai ba wanda ya gaya miki yadda ake cirewar. A kan haka nake so mu yi magana, amma sai na fara sauke miki wani kaya da kika ɗora wa kanki.

An ce kin gaya wa ƙanwarki wai yawan tunaninki ne ya kashe yaron farko, kuma shi zai kashe wannan. Ba gaskiya ba ne, kada in sake jin wannan magana a bakinki. Hawan jinin masu ciki, irin wanda ke kai wa ga jijjiga, daga mabiyiya yake tasowa. A watannin farko jijiyoyin jinin da ke jikin mahaifa sukan buɗe su yi faɗi domin su shayar da mabiyiya. A wasu matan ba sa buɗewa yadda ya kamata, sai mabiyiya ta riƙa samun jini a takure, ita kuma ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa. Su ne ke takura jijiyoyin jiki gaba ɗaya, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari, in abin ya yi nisa ya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Tushen abin yana kafuwa tun kafin ciki ya fara motsi. Tunani ba ya kawo shi, ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma zaƙin nan da tsofaffi ke faɗa ba ne. Yakan kama mace mai fara'a, yakan kama mai ƙunci.

Ɓarnar da tashin hankali ke yi daban take. Yana hana ki barci, yana hana ki ci, yana ɗaga jini na ɗan lokaci, sannan yana rikita tunani har mace ta guji wurin da za a taimake ta. Wannan na ƙarshen shi nake ji miki tsoro. Game da jariri kuwa, Allah bai bar shi haka kawai ba. A jikin mabiyiya akwai wani sinadari da ke karya yawancin kotisol, abin da jiki ke fitarwa in hankali ya tashi, kafin ya isa gare shi. Kukan da kika yi jiya bai cuce shi ba. Kada ki ƙara wa tsoronki tsoron cewa kina jin tsoro.

Sai maganar na'urar nan. Kin auna kin ga lambar ta ɗan haura, gabanki ya faɗi, kin sake aunawa nan take, ta ƙara haurawa tunda zuciya na bugawa da sauri, kin kuma aunawa. Haka za ki wuni kina auna firgicinki. Awon jini yana da ladabinsa. Ki yi shi a lokutan da likita ya ce, galibi safe da yamma. Ki yi fitsari tukuna, ki zauna minti 5 bayanki a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore kan wani abu daidai ƙirji, ba magana. Ki rubuta abin da kika gani a littafi, sannan ki miƙa wa mahaifiyarki na'urar ta ajiye a ɗakinta. Lambobi biyu kawai za ki riƙe. Daga 140 bisa 90 ake cewa jinin mai ciki ya hau, wannan shi ake bi da magani da awo. In na sama ya kai 160, ko na ƙasa ya kai 110, asibiti za a nufa a lokacin, ko da dare ne. Kuma ki sani na'urar gida ba ta ganin fitsari, ba ta gwajin jini, ba ta ganin girman jariri ko yawan ruwan da yake ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai cikin da lafiyarta ƙalau ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Ke da ake son gani a kai a kai, ba ki da ranar awon da za ki yi kyauta da ita.

To, yaya ake kwantar da hankali? Koyonsa ake yi, kamar kowane aiki. A shekarar 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe aji a asibitin Jami'ar Masachusets domin marasa lafiyar da ciwo ya daɗe a jikinsu. Mako 8 yake ɗauka yana koya musu abu guda: mutum ya tsayar da hankalinsa a kan abin da ke faruwa da shi a yanzu, numfashinsa da jikinsa, ya lura da shi ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. A wurin malaman addinin Buda ya koyo dabarar, ya cire ɓangaren bauta ya bar horon. A 1998 wata ungozoma a Kalifoniya, Nancy Bardacke, ta daidaita tsarin domin masu ciki da mazajensu. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna yana rage fargaba da baƙin ciki ga masu juna biyu. Iyakar aikinsa ke nan, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ya gyara mabiyiya, ba ya zama madadin ƙwaya ko allura. Duk wanda ya ce miki ki ajiye magani ki koma jan numfashi, ki rufe masa ƙofa.

Kada ki ce wannan abin Turawa ne. Tun kina Islamiyya aka karantar da ke cewa natsuwa tana cikin farillan salla: in kin yi ruku'u ki tsaya har gaɓoɓinki su zauna, in kin yi sujada haka. An kuma koya miki cewa in zuciya ta tafi kasuwa kina tsakar salla, ki dawo da ita ki ci gaba. Sau 5 a rana kike wannan horo tun kina yarinya. Abin da nake nema a wurinki shi ne ki faɗaɗa shi ya fita daga kan darduma ya shiga sauran wuninki.

Ga yadda za ki fara. Bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi da hayaniya, ki koma shimfiɗa ki kwanta ta gefen hagu. Ki sa filo tsakanin gwiwoyinki, wani a bayanki, ki ɗora tafin hannu a kan ciki. Ki shaƙi iska ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu a zuci, ki ji ciki ya taso ya ture hannunki. Ki sake ta ta baki kina ƙirga shida, leɓɓa a ɗan tsuke. Kada ki riƙe numfashi, kada ki yi kokawa da shi. Fitar ta fi shigar tsawo, nan sirrin yake, domin akwai wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da hanji, wadda ke rage gudun zuciya a duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi. In kin bi wannan ƙirga za ki yi numfashi kamar 6 a minti guda. In kika ji jiri, ki bar ƙirgar ki koma numfashinki na yau da kullum. Minti 10 ya isa. Ki sake yi bayan La'asar, ki kuma yi in kin kwanta da dare.

Ba za ki kai numfashi na biyar ba zuciya za ta sulale. Za ki tsinci kanki a wancan gadon asibiti, ko kina lissafin wa zai riƙe gida in ba ke. Kada ki ce kin kasa. Kowa haka yake, har waɗanda suka shekara suna yi. Ki ce a ranki, ga tsoro ya zo, ki duba inda ya zauna a jikinki, ƙirji ne ko maƙogwaro ko kafaɗu, sannan ki dawo kan hannun da ke bisa cikinki. Dawowar nan ita ce aikin, ko sau ɗari ne. Ruwan rafi in aka zuba shi a randa ba a sa hannu a danne laka, ƙyale shi ake yi ya kwanta da kansa. In zuciya ta ce miki wannan ma ba zai zauna ba, ki tuna zance ne zuciya ta kawo, ba labari ba ne daga likita, kuma gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Ki tambayi kanki abin da ke hannunki a yanzu: na sha magani, awon safe ga shi a rubuce, yaro ya motsa ɗazu. A kan wannan za ki tsaya.

In numfashi ya daidaita, ki bi jikinki da hankali tun daga yatsun ƙafa har tsakar ka, gaɓa bayan gaɓa, kina lura da abin da ke wurin: nan nauyi, nan zafi, nan ba komai. Wannan yana da amfani biyu. Yana sassauta jiki, kuma yana koya miki yadda jikinki yake a ranar lafiya, ta yadda in wani abu ya canza ke za ki fara sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka za ki yi da motsin yaron. Kowane jariri yana da lokutan da ya saba wutsil-wutsil, wani bayan uwa ta ci abinci, wani in dare ya yi. Ki san nasa. In motsin ya ragu ko ya canza daga yadda kika saba, a ranar za ki je a saurari bugun zuciyarsa, kada ki ce bari mu ga gobe. Kuma daga mako na 28 ki riƙa fara barci a kan gefe, ki bar kwanciyar rigingine, domin nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuwa zuciya. In kin farka kin ga kin juya, ki gyara kawai, ba abin tashin hankali ba ne.

Sauran wunin ma yana da wuraren natsuwa in kin neme su. In kina alwala ki ji sanyin ruwan a tafin hannunki, ki ji shi a fuska, maimakon ki gama ba ki san kin yi ba. In kin ɗauki carbi, ki bar tseren cika dubu. Istigfari ko salati ɗaya tare da kowace fitar numfashi, kina jin abin da bakinki ke faɗa, ya fi miki amfani a halin da kike ciki. An ce kina raba dare a tsaye kina nafila har ƙafafunki su kumbura. Allah Ya karɓa, amma addini ya yi miki sauƙin da ke ba ki yi wa kanki ba. In tsayuwa na wahalar da ke, ki yi salla a zaune. Mai cikin da ke tsoron cutuwa an ba ta damar ajiye azumin Ramadan ma, balle na Litinin da Alhamis. Barcinki a yanzu yana cikin kula da amanar da aka ba ki.

Wayar nan kuwa, bayan Isha'i ta kwana a wurin mahaifiyarki, da caji da kuɗin kira a ciki saboda ko ta kwana. Matan da suka sha maganinsu suka haihu lafiya ba sa yin bidiyo a kai, suna can suna fama da wanki da shayarwa. Labarin da ya fi muni shi ya fi yawo a WhatsApp da TikTok, kuma in kin kalli ɗaya sai a turo miki goma. Rukunin matan nan da ake tura hotunan asibiti da maganin kowace cuta, ki fita daga ciki har ki haihu. In tambaya ta taso miki da dare, ki rubuta ta a bayan littafin awon jininki, ki ce mata sai ranar awo. Zuciya takan saki abin da ta san an adana shi.

Yanzu ga faɗan da ya fi girma. An ce duk wanda ya tambaye ki jiki sai ki ce da sauƙi, har likita. Na san inda kika samo wannan. Mu aka rena a kan mace ba ta raki, mai naƙuda ta cije ta yi shiru, wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki a yaba mata. Kunya da dauriya ado ne a wurarensu, amma na ga matan da suka jawo wa asara, waɗanda aka kawo mana bayan sun kwana biyu da ciwon kai ba su gaya wa kowa ba. Macen da ta ƙunshe ciwo tana murmushi ba natsuwa ta yi ba. Mai natsuwa ita ce ke iya cewa kaina yana ciwo tun Azahar, ta gefen nan, na sha farasitamol bai sauka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki haddace waɗannan, ki sa mahaifiyarki da ƙanwarki su haddace: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko wasu taurari na gilmawa a ido, ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, amai bayan an daɗe da wuce laulayi, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, sarƙewar numfashi, zubar jini ko fashewar faya, zazzaɓi, raguwar motsin yaro. Ko ɗaya kika gani, ba lokacin kwanciya a ja numfashi ba ne. Ki ja numfashinki a cikin mota, kina kan hanya.

Ki kuma san cewa in an isa da wuri akwai abin yi. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da ake kira Magpie, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 masu wannan ciwo a ƙasashe 33. Waɗanda aka yi wa allurar magneziyam salfet, haɗarin jijjiga ya ragu musu da fiye da rabi, har ya zama ƙasa da mace 1 cikin 100 ce ta yi. Allura ce mai araha, kuma ita ake amfani da ita a asibitocinmu. Abin da ke cin mata shi ne jinkiri: a yi ta shawara a gida, a yi ta neman abin hawa, a isa a yi ta neman kuɗi da jini. Wannan kuwa ana maganinsa tun yau. Ki haɗa jakarki ki ajiye bakin ƙofa da katin awo a ciki. A ware kuɗi a hannun mahaifiyarki waɗanda ba a taɓawa. A samu lambar mai mota ko mai adaidaita sahu biyu da za su ɗaga waya da dare. A san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. Maigidanki kuma ya faɗa a gaban kowa cewa ya ba da izini tun yanzu, duk lokacin da abu ya taso a tafi, a kira shi daga hanya. In kin gama wannan shiri za ki ga rabin tunanin dare ya ragu, don yawancinsa tambaya ce ta in abu ya faru yaya za a yi.

Maganinki ki sha shi a kan lokaci, ko kin ji garau. Aldomet yakan sa kasala da barci, wasu ma yakan sa musu ƙunci. In ya dame ki ki faɗa a canza miki, kada ki ajiye da kanki. In an ba ki ƙaramin asfirin da kalshiyam, ki ci gaba har ranar da likita ya ce ki tsaya. Kada ki ari maganin hawan jinin babanki, wasu irinsa suna lalata ƙodar jariri. Kada a sayo miki maganin ciwon jiki a kemis, irin su diklofenak da ibufurofen. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da duk abin da aka sa wa kanwa, ki ce gwaggonki ta hana, a zo a same ni. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta taɓa hana magani aiki ba.

Mai yiwuwa likitoci su ce ba za a jira wata tara ya cika ba, za a tayar da naƙuda ko a yi aiki. In sun faɗi haka kada ki ɗauka abin ya lalace. Tunda ciwon daga mabiyiya yake, fitar da ita ce maganinsa na ƙarshe, kuma aikinsu shi ne su auna ranar da zaman yaro a waje ya fi masa zamansa a ciki. In cikin bai kai mako 34 ba akan yi wa uwa allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari. Masu cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ba su taɓa tsayawa a ɗakin tiyata ba.

Akwai abin da na san ba a ba ki dama kin yi ba, wato kukan yaronki na fari. An ce miki ki yi haƙuri, wani na tafe, mai ceto ne, aka rufe maganar. Duk gaskiya ne, amma ɗa ne kika ɗauka wata takwas kika dawo gida hannu biyu. Hawaye ba ya warware haƙuri, kuma jin kewarsa ba butulci ba ne ga wanda ke cikinki yanzu. In ya zo miki a rai kina zaune, ki bar shi ya zo, ki yi masa addu'a, ki yi kukanki. In kuwa kika ga ƙunci ya wuce mako 2 ba ya ɗagawa, ba abin da ke miki daɗi, ko wancan daren yana dawo miki a mafarki da ido biyu, ko zuciya ta fara raya miki gara ki mutu, ki gaya wa likita da bakinki, na ƙarshen nan kuma a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 masu ciki tana fama da irin wannan, a ƙasashe irin namu ma abin ya fi haka. Ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Wannan sakin layin ki karanta wa mahaifiyarki da maigidanki. Ku daina shigar mata da labarin wance da ta rasu wurin haihuwa, ku kuma tare masu kawo shi tun daga zaure. In ta ce tana jin tsoro, kada ku ce ta yi shiru. Ku zauna ku ji. Kai kuma ɗana, ranar awo ka ajiye abin da kake yi ka kai ta da kanka, ka shiga ka ji bayanin likita da kunnenka. Minti goman da take kwance tana numfashi, a kama mata yaran gida da ƙofa.

Bayan an sauka lafiya, in Allah Ya yarda, kada a ce an gama. Jini yakan ƙara hawa a kwanakin farko na jego, jijjiga ma takan zo bayan haihuwa, don haka awo da magani za su ci gaba har mako 6. A nan Zariya, a shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka nuna alaƙar ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da gashin jiki da zafi mai tsanani. Ke dai ba kunun kanwa, wanka kuma da ruwa mai ɗumi. Ki gaya wa tsofaffin gidan tun yanzu don kada a yi rigima ranar.

'Yata, rai da ajali na Allah ne, ba ni da alkawarin da zan yi miki a kansu. Abin da aka ba ki iko a kai kaɗan ne kuma kin san shi: maganinki, awonki, barcinki, minti gomanki sau uku a rana, da faɗin gaskiya in an tambaye ki. In har yanzu kan na ciwo ku tafi yau, in ya sauka gobe da safe ki shirya mahaifiyarki ta raka ki asibiti, kada ki jira ranar awo ta zagayo. Ki tafi da littafinki, ki gaya musu maganar ciwon kan nan tun daga farkonta, in kun dawo ki kira ni ki gaya min abin da suka ce. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa.

Gwaggonki.